Walimar Talauci a Kwanar Taguwa

In dai ka taɓa bin titin Damagaram zuwa Agadas, to ka wuce ta Kwanar Taguwa ko da ba ka riƙe sunanta ba. Nan motoci ke tsayawa kafin a shiga Tanut, fasinja su sauko suna miƙa, kowa na neman abin sa wa a bakin salati. In kuwa ka sauko, ba ka da hanyar tsere wa muryar Ɗan Azumi mai shayi, don shi ba ya sayar da shayi sai ya haɗa maka da labari, labarin ma na kansa.

Teburinsa ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ne, amma a goshin rumfar an rangaɗa "Babban Kafe na Damargu" da jan fenti. Ya taɓa yin 'yan watanni yana wanke kwanoni a wani otal a Yamai, tun daga nan bai ƙara yarda shi mutum ne irin kowa ba. In ka ji daga bakinsa, manyan ƙasar nan da hannunsa ya riƙa zuba musu sukari, kuma har gobe akwai waɗanda ke kewarsa.

Bana kuwa kasuwa ta juya wa masu abincin tasha baya. Motoci sun ragu, fasinjan da ya sauko ma sai ya zaro busasshen burodi daga jaka, ya kora da ruwa, ya koma mazauninsa. Mai ya tashi, sukari ya tashi, shinkafa sai kallo, kai har gawayi ya fara jin kansa. Ga patanti kuma, harajin da kowane mai rumfa ke biya, shi ba ruwansa da an yi ciniki ko ba a yi ba.

A gidan Ɗan Azumi abu ɗaya ya rage tsakaninsu da rufe teburi, wato rago. Matarsa Fatu mai ƙosai ce ta sayo shi yana ɗan firit a kasuwar Belbeji, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da ƙasari har ya zama in yana tafiya sai ka ce ɗan maraƙi. Ɗan Lele take ce masa. Shirinsu a sayar da shi gab da Layya, a biya patanti, a sake cika teburi da sukari da madara. Ta sha gaya wa mijin, "Malam, ka taɓa duk abin da ka ga dama a gidan nan, amma ban da Ɗan Lele."

Ana cikin haka sai labari ya iso cewa ranar kasuwa wani ma'aikacin gwamnati, Mushe Haris, wato Malam Haris a bakin masu Faransanci, zai zo ya duba halin da masu abinci ke ciki. Garin da ya ga sun jigata, za a sassauta musu patanti. Ɗan Azumi na jin haka ya kife kofunansa, ya bi rumfa rumfa yana tara mutane a gindin bishiyar bedin tasha.

Ya hau kan wata tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya, ya ce, "Jama'a, gwamnati ba ta magana da mutum ɗaya. Sandika take ji, wato ƙungiya. Daga yau mun kafa Sandikar Masu Abinci da Shayi ta Kwanar Taguwa, kuma tunda ni na san bakin manya, na amince in zama firazidan."

Aghali mai gasa nama, wani dogon Buzu da ba ya ɗaga murya, ya ce daga cikin rawaninsa, "Wa ya roƙe ka?"

"Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu." Kafin kowa ya motsa ya ce, "Babu. Madalla, an gama zaɓe."

Inna Salamatu mai tuwo, wadda ta riga kowa kafa tukunya a tashar, ta ce, "To Firazidan, me za mu gaya wa baƙon?"

"Gaya masa? Inna, ai gani ya kori ji. Walima za mu yi masa, walimar talauci! Kowa ya kawo tukunyarsa yadda take. Miya ta zo tsululu, ba mai, ba nama. Shinkafa ta zo fara fat. Aghali ya kawo ƙashi. Ni zan kawo shayi ba sukari. Kowa ya sa tsummansa mafi yagewa. In mutumin nan ya yi loma ɗaya bai fashe da kuka ba, ku canza mini suna."

Wallahi dabarar ba ta da laifi, har Aghali sai da ya gyaɗa kai. Hajiya Zainabu mai shinkafa da wake, wadda rumfarta ke fuskantar ta Inna Salamatu, kuma shekara da shekaru ba su taɓa yaba wa miyar juna ba, ta ce ita ta yarda in dai kowa zai tsaya kan magana. Tana faɗa tana harar wata. Aka yi fatiha aka watse.

Ranar kasuwa da safe Firazidan ya fito rangadin tukwane, da yagaggiyar riga da cokali a aljihu. Bai kai rumfar Inna Salamatu ba ƙamshi ya tare shi a hanya. Ya buɗe tukunya, sai ga man shanu na yawo a kan miyar kuka.

"Inna! Mene ne wannan?"

"Ɗan ɗigo ne, don kada ta kama."

"Ɗigo? Wannan ai sai a yi wanka a ciki!"

Ta riƙe ƙugu. "Kai Ɗan Azumi, tun ba a zuba kwalta a titin nan ba nake tuƙa tuwo. Yau baƙo ya ci miyata salam, ya je Damagaram ya ce hannun Salamatu ya mutu? Baƙonka fa Annabinka."

Ya ɗebi cokali uku wai don ya tabbatar da laifi, ya wuce yana lasar baki yana faɗa. To ashe Hajiya Zainabu na leƙe. Kafin ya tsallaka titi ta sa an kamo zabuwa.

"Hajiya, zabuwa kuma? Ina alkawari?"

"Ka je ka tambayi mai man shanu. Ni za a ajiye farar shinkafata kusa da miyarta, a ce Zainabu ce matsiyaciyar tasha? Allah ya kiyaye. Ba na cikin wannan wulaƙanci."

"Ai talaucin muke son nunawa!"

"To ta nuna nata, ni in tafa mata."

Kukan zabuwar bai gama sauka ba aka ji kaji biyu na kururuwa a bayan rumfar Inna Salamatu. Ɗan Azumi ya ruga can, ya tarar an riga an fige. Ya juyo nan, ya tarar Hajiya ta aika a sayo hanta da ƙoda. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin rumfunan kamar mai safa da marwa, ko'ina ya je sai ya yi wa'azi, ko'ina kuma sai ya ɗanɗana. Da ya ga baki ba ya aiki, sai ya faki idon Inna ya ɗauki buta zai tsinka mata miya da ruwa. Muciya ce ta sauka a gadon bayansa, tim, da sauran tuwo a jikinta.

"Ka ƙara matsowa, ɗan nema, in tuƙa da kai!"

Ya ja jiki zuwa wurin Aghali yana sosa baya, yana cewa ai dama harkar mata sai haƙuri, bari ya ga namiji mai magana ɗaya. Namiji mai magana ɗaya na zaune yana juya ɗan akuya guda a kan garwashi, yana shafa masa yaji da gashin kaza.

"Aghali! Ƙashi muka ce!"

"Akwai ƙashi a ciki."

"Kai ma?"

"Mu a wurinmu, ko tanti ɗaya ya rage maka, baƙo ya sauka sai ka yanka. In labari ya kai garinmu Tenhiya cewa na ba baƙo ƙashi, da wane ido zan dubi kawunnaina?" Ya juya akuyar, sannan ya tambaya a hankali, "Kai me za ka kawo ma, Firazidan?"

"Shayi ba sukari, kamar yadda aka yi doka."

Hajiya Zainabu da ta zo aron wuƙa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ruwan zafi ke nan! Ai shi ke nan. Mushe zai zo ya ce ina shugaba, ya dubi akuya, ya dubi ruwan zafi, ya miƙa wa Aghali hannu."

Aghali ya ce, "Ba komai, zan ce masa kai ne mai wanke mana kofuna. Ka ce ka iya tun a Yamai."

Jama'ar da ke wurin suka kwashe da dariya. Maganar nan ta shiga Ɗan Azumi har ɓargo. Shi da ya kafa sandika, shi da ya hau taya, a ce wani Buzu ne zai karɓi hannun Mushe? Ya tsaya yana huci, hancinsa na buɗewa yana rufewa. Sai ya juya ya nufi gida da sauri, ya san Fatu na bakin kasuwa tana suyar ƙosai, ba za ta dawo ba sai rana ta karkata.

Ɗan Lele na kwance a inuwa yana tuƙa. Ɗan Azumi ya tsuguna ya ce masa, "Ka yi haƙuri, harkar ƙasa ce. In aka sauke patanti, biyu irinka zan saya mata." Ya yanke igiya, ya bar guntuwa a turke.

Rago dai bai yarda da wannan bayani ba. Suna fita ƙofa ya zabura, sai ya zama shi ke jan Firazidan. Suka ratsa ta cikin 'yan tumatir, suka bi ta kan tabarmar mai goro, suka kifar da ƙwaryar nonon wata Bafillatana, ta bi su da ludayi tana zagi da Fulatanci. A bakin kwamin shayar da raƙuma ragon ya ja birki, ya ja da baya, ya auna mazaunin maigidansa. Ɗan Azumi bai san lokacin da ya tashi sama ba, sai jin sa ya yi tsamo-tsamo cikin ruwa, wani raƙumi na kallon sa ta sama yana taunar banza.

Ya fito yana ɗiga ya ce wa masu dariya, "Dama zafi nake ji."

Ƙarti huɗu ne suka taya shi kai ragon wurin Aghali. Aghali ya dubi rago, ya dubi mutum. "Wannan ba na Fatu ba ne?"

"A gidana wa ke da magana? Yanka! A gasa shi guda, a cusa masa shinkafa a ciki, yadda ake yi wa manya a Yamai. Yau za ku san bambancin firazidan da mai ɗan akuya."

Allah ya sa Mushe Haris ya makara, sai bayan azahar motarsa ta tsaya a gindin bedi. Wani siririn mutum ne mai tabarau, da ganin sa ya sha hanya, kuma tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya fito yana shirin ganin mutanen da wahala ta ci, sai ya tsaya ya cire tabarau ya goge.

Tsumman da aka ce a sa, babu ko ɗaya. Inna Salamatu ta ɗauro atamfar da ta ajiye don bikin jikarta. Hajiya Zainabu ta ji labari, ta fito cikin shadda da awarwaro har gwiwar hannu. Aghali ya naɗa baƙin rawani mai ƙyalli. Shi kansa Firazidan, da yake tsummansa ya jiƙe a kwami, ya zuro babbar rigarsa ta Idi. A kan tabarmi kuwa ga tuwon gero da miyar kaji, ga shinkafa da zabuwa, ga burabusko, ga ɗan akuya, ga alkaki da tukuɗi da wasu suka kawo don kada a bar su a baya. A tsakiya, kan babban faranti, Ɗan Lele ne ke zuba maiƙo.

Mushe ya ce, "Biki ake yi ne?"

Ɗan Azumi ya yi tsalle ya cafke hannunsa kafin Aghali ya motsa. "Ranka ya daɗe, ni ne Firazidan. Bisimilla, zauna ka ga wahalar da muke ciki."

Mushe ya zaro salula ya ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, ya ce na rahoto ne. Sannan ya naɗe hannun riga. Ɗan Azumi ya hau tayarsa ya fara jawabi. Ya yi maganar tsadar mai, daidai lokacin da mai ke gangarowa Mushe har gwiwar hannu. Ya yi maganar tsadar sukari, Mushe na gutsurar alkaki. Ya murza albasar da ya ɓoye a hannun riga don hawaye su zo, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan da ka gan mu, rabonmu da ƙoshi..." Sai wata gyatsa ta ƙwace masa, irin ta mutumin da ya ɗanɗani tukwane tun safe, har wata akuya da ke wucewa ta firgita.

Mushe ya ce, "Alhamdu lillahi," don ladabi. Ya juya wurin Inna Salamatu. "Inna, ina kasuwa?"

To kai ma ka sani, wa aka taɓa yi wa wannan tambaya ya ce babu? Bakinta ya riga tunaninta. "Kasuwa sai godiya, ɗana."

"Hajiya, ya ciniki?"

"Alhamdu lillahi, ba laifi."

"Malam Aghali?"

"Alheri ne kawai."

Ɗan Azumi na kan taya yana ƙifta musu ido har fuskarsa ta karkace, babu wanda ya kula.

Mushe ya suɗe yatsa ya ce, "Inna, miyar nan! Kullum haka kike yin ta?"

Inna Salamatu ta saci kallon Hajiya Zainabu. "Wannan ai ta gaggawa ce. Ka zo ranar da na zauna."

Hajiya ta cafe. "Ni dai tukunyata ba ta taɓa kwana ba nama ba. Wasu ne sai sun ji baƙo."

"Wasu wa?"

"Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Da ƙyar aka raba su. Mushe ya yagi kafaɗar rago, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan kuma aikin wa?"

Nan ne fa Ɗan Azumi ya manta da patanti, ya manta da sandika, ya manta da albasar da ke hannun riga. Ya diro daga taya yana gyara babbar riga. "Na Babban Kafe ne, ranka ya daɗe."

"Kai! Ba ka takura kanka ba kuwa? Rago guda a wannan zamani?"

"Wannan? Ai ƙaramin cikinsu ne. Mu a Babban Kafe irin wannan ko lissafi ba ma sa shi."

Aghali ya ja rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa na rawa.

Mushe Haris ya wanke hannu, ya sha shayin Firazidan, wanda a ƙarshe sukari ya yi masa yawa har cokali na tsayawa. Sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, kun faranta mini rai. Na biyo ta Gangara da ƙauyukan Belbeji, na ga masu abinci cikin wani hali, abin tausayi. A hanya an ce mini ku kun fi kowa jigata, har na yanke a raina ku ne farkon waɗanda za a sassauta wa. Ashe ƙarya ake muku! Sassaucin ba shi da yawa, gara a kai wa mabukata. Ku kuwa Allah ya ƙara arziki." Ya dafa kafaɗar Ɗan Azumi. "Kai kuma Firazidan, an zalunce ka da aka sa ka a sahun masu teburin shayi. Mai gasa rago guda ai restora gare shi, babban gidan abinci. Zan sa a ɗaga ka zuwa sahun manya, patantinka ya dace da darajarka."

Inna Salamatu ta saki ludayi. Hajiya Zainabu ta fara zare awarwaro a ɓoye, amma ina, an riga an ɗauki hoto.

Sai ga Fatu ta ratso taro, da guntuwar igiya a hannu, zanenta duk ƙullun ƙosai. Tun daga kasuwa Bafillatanar nan ta tare ta tana neman a biya ta nononta. Ta ruga gida, ta tarar da turke wayam sai guntuwar igiyar. Ta tsaya kan faranti, ta dubi ƙasusuwa, ta dubi ƙahonin da ke ajiye a gefen murhun Aghali, ɗaya da ɗan jan zaren da ta ɗaura masa da hannunta. Cinya ɗaya ce ta rage ba a taɓa ba. Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta rungume a ƙirji, idanunta suka ciko.

Ta ce a hankali, "Malam, da me za mu biya? Da me za mu buɗe teburi bayan Layya?"

Tambayar nan ta fi muciyar Inna zafi. Hankalin Ɗan Azumi ya dawo jikinsa gaba ɗaya, ya ji kunya da tsoro sun rufe shi. Motar Mushe ta riga ta tashi. Ya tattare babbar riga ya bi ta a guje yana ihu, "Mushe! Mushe, tsaya! Akwai magana!"

Inna Salamatu ta ce, "Yauwa, gaya masa gaskiya!"

Hajiya Zainabu ta ce, "Gaya masa zabuwar ma ta maƙwabta ce!"

Mota ta tsaya. Mushe Haris ya sauke gilashi ya leƙo, jama'a duk suka taru a bayan Ɗan Azumi, 'yan kasuwa da direbobi da fasinjan wata motar Agadas da ta tsaya a lokacin.

Mushe ya ce da murmushi, "Lafiya, Firazidan? Ko akwai wata damuwa ne a Babban Kafe?"

Ɗan Azumi ya buɗe baki. Ya waiga ya ga idanun tasha kaf a kansa. Ya ga baƙin fasinja na nuna shi suna cewa wai shi ne mai ragon. Ya ga Aghali tsaye, ya harɗe hannu yana jira. Gaskiyar ta zo masa baki, ya mayar da ita.

Ya ce, "Damuwa? Haba, ranka ya daɗe! Cewa na yi za ka tafi ba ka riƙe wa iyali komai ba."

Ya juya ya zare cinyar daga hannun Fatu, ya miƙa ta taga. Mushe ya yi godiya, mota ta hau titin Tanut.

Fatu ta dubi hannuwanta, ba komai sai maiƙo da igiya. Ta matso, ta zarga igiyar a wuyan babbar rigar Idi, ta ƙulla irin ƙullin da take yi wa Ɗan Lele.

"Mu je gida, Firazidan," in ji ta. "Akwai sauran rabin buhun dusa, kuma ba za ta lalace a banza ba."